Zuwa ga Ɗaliban Shari'a na Kongo Masu Neman Aiki Kusa da Alƙali



Na san da yawanku, tun kuna zirga-zirga da baƙi da fari tsakanin aji da laburare, idonku na kan kujerar nan ta mataimakin alƙali: wanda ke karanta fayil, ya binciko hukunce-hukuncen baya, ya taƙaita wa Mai Shari'a hujjojin lauyoyi kafin a zauna. Buri ne mai kyau. Kongo, harabar jami'arku da ke Zariya, ta saba haifar alƙalai. Marigayi Muhammadu Lawal Uwais, ɗan Zariya, ya bi ta Cibiyar Koyon Mulki da ke harabarku kafin ya tafi Ingila, ya kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Mahmud Mohammed da Ibrahim Tanko Muhammad sun hau wannan kujera bayansa, Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020, kuma su ukun nan a jami'arku suka yi digirin shari'a.

A Amurka wannan aiki tsararre ne: ana tallata gurbi, matashi ya yi shekara guda wurin alƙali, alƙalin Kotun Ƙoli kan ɗauki har mutum huɗu. A nan ƙofofin ƙanana ne, kuma a warwatse suke. Akwai zaman kotu da Makarantar Horar da Lauyoyi ke tura ku daga Bwari ko Bagauda ko Yola, akwai shekarar bautar ƙasa, sai guraben bincike a manyan kotuna da ba kullum ake jin labarinsu ba. Inda gurbi ya yi kaɗan, labari kuma ya yi ƙaranci, nan kamun ƙafa ke samun gindin zama. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada ku fara da neman wanda ya san wani. Ku fara da takarda. A rubuta ta shafi guda, sunan alƙali da muƙaminsa daidai, sunan kotu daidai, ba kuskuren rubutu ko ɗaya, domin wanda za a ba amanar duba daftarin hukunci ba a yafe masa ganganci a wasiƙarsa ta farko. A haɗa da rubutu ɗaya naka na kanka, ko da nazarin shari'a guda ce da ka yi a aji huɗu. Ka karanta hukunce-hukuncen alƙalin kafin ka nemi zama gefensa. Sannan a miƙa ta hannun magatakarda. Ba a tare Mai Shari'a a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ba a bin sa gida, ba a aika masa saƙon waya da dare don wani ya ba ka lambar. Malamin da kake so ya shaide ka, ka same shi da wuri, ka bar shi ya faɗi abin da ya sani, kada ka kai masa yabon da ka rubuta wa kanka ka ce ya sa hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda takara ke ɓata tsakaninku. Wani ya ji an buɗe gurbi ya yi gum, har ranar rufewa ta wuce. Wata ta je ganawa, a maimakon ta faɗi abin da ta iya, sai ta ɓige da rage darajar 'yar ajinsu. Ƙannena, da'irar lauyoyin Arewa ƙarama ce. Wanda ka ɓoye wa sanarwa bana, wata rana gabansa za ka tsaya kana cewa Ya Mai Shari'a. Ka yi takara da ƙarfinka duka, amma da karatu da rubutu. In wani ya samu ta hanyar uwa a gindin murhu, zai yi zafi, na sani, sai dai wannan ba lasisi ba ne na kai ma ka bi ta bayan gida.

In Allah ya ba ka gurbin, ranar ce jarrabawa ta fara. Za ka fito daga ofishin alƙali da fayil a hammata, wani babban lauya ya tare ka a baranda da fara'a, ya tambayi mutanen gida, sannan ya rage murya: yaya Oga ke kallon maganarmu? Amsarka ɗaya ce, ka gaishe shi da ladabi ka wuce. Ko abokin ɗakinka ba ya jin abin da ke cikin daftari kafin a karanta shi a zauren kotu. Kuma in bincikenka ya nuna Kotun Ƙoli ta riga ta yanke saɓanin inda alƙali ya karkata, ka kai masa hukuncin, ka nuna shafin, a keɓe, cikin girmamawa. Don haka aka ɗauke ka.

Wanda bai samu ba kuwa, ya rubuta godiya ta layi uku ga magatakarda da malaman da suka tsaya masa, ya nemi ofishin lauya mai yawan shiga kotu, ya sake nema baɗi da sabon rubutu a hannu.

Wassalam,
Yayanku a wannan sana'a.