Maganin Da Aka Amince Da Shi Sau Biyu

'Yan makaranta da malamai, a wannan fitowa za mu duba yadda hukuma ke amincewa da sabon magani, da abin da kan sa ta sake shawara. Misalinmu shi ne gefitinib, maganin ciwon dajin huhu da kamfanin AstraZeneca ya fitar da sunan Iressa.

Da farko, yaya yake aiki? A jikin ƙwayoyin halittarmu akwai wani furotin mai suna EGFR, wanda ke karɓar umarnin cewa ƙwaya ta rabu biyu. A wasu majinyata, ƙwayar gadon da ke tsara furotin ɗin takan sauya, sai ya zama tamkar makunnin lantarkin da ya ƙi kashewa, ƙwayoyi su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Wannan makunni gefitinib ke toshewa.

Japan ce ta fara amincewa da shi a 2002. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba shi izinin gaggawa, domin ƙari ya ragu a jikin kimanin mutum 1 cikin 10 da sauran magunguna suka gaza a kansu. Amma ta gindaya sharaɗin a yi babban gwaji. Gwajin, mai ɗauke da majinyata 1,692, bai tabbatar da cewa maganin na ƙara tsawon rai ba. Saboda haka a 2005 hukumar ta taƙaita amfani da shi.

To, ina matsalar take? A 2004 masu bincike a birnin Boston suka gano cewa akasarin waɗanda maganin ya yi wa aiki suna da wancan sauyi na EGFR. Ashe an haɗa masu sauyin da marasa shi a gwaji ɗaya, amfanin 'yan kaɗan ya ɓace cikin taro. Wani gwaji a gabashin Asiya, da aka wallafa a 2009, ya nuna cewa ga masu sauyin, gefitinib ya fi ƙarin ruwan maganin daji da aka saba jinkirta yaɗuwar cutar; ga marasa shi kuwa, ƙarin ruwan ya fi. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009, FDA kuma ta sake amincewa a 2015, amma ga masu sauyin kaɗai.

Shi ya sa likita kan gwada tsokar ƙarin kafin ya rubuta maganin. Ƙwaya ɗaya ake sha kullum, mai miligiram 250. Yakan jawo ƙuraje da gudawa, wani lokaci da kumburin huhu mai haɗari. Haka kuma, bayan kamar shekara guda cutar kan bijire masa, abin da ya sa aka ƙirƙiro osimertinib, wanda FDA ta amince da shi a 2015.

Tambayar nazari: da kai ne mai tsara gwajin farko, su wa za ka sa a ciki, kuma me ya sa?