Man Wiwi da Kurajen Fuska: Abin da Ya Tabbata da Abin da Talla Ta Ƙara



A ɗakin duba masu matsalar fata, wata tambaya ta fara yawaita a bakin matasa, musamman 'yan mata masu fama da kurajen fuska: "Likita, man nan mai hoton ganyen wiwi da ake tallatawa a Instagram da TikTok, da gaske yana kashe kuraje?" Wasu sun riga sun saya da tsada, wasu tsoro ne ya hana su. Na ga ya dace in yi bayani a fili, domin a cikin tallar akwai gaskiya, akwai kuma ƙari mai yawa.

Bari mu fara da fatar kanta. Maiƙo daban, ruwa daban. Maiƙon fuska yana fitowa ne daga wasu ƙananan jakunkuna da ke gindin gashi, shi kuwa ruwa saman fata ne ke riƙe shi. Mutum zai iya wayar gari fuskarsa na ƙyalli da mai, alhali fatar a bushe take, tana ɗaurewa, tana ɓarewa a gefen hanci da baki. Wannan shi ne abin da na fi gani, musamman da hunturu. Mai kuraje ya tsani maiƙo, sai ya dinga wanke fuska sau huɗu ko biyar a rana da sabulu mai ƙarfi, ya dirje da soso, ya bi da lemon tsami, sannan ya ƙi shafa komai. Da haka yake lalata garkuwar fata, ruwa ya tsere, fuska ta yi zafi, ko maganin kirki aka ba shi sai ya ji raɗaɗi ya daina. Don haka masu talla sun yi gaskiya a wuri ɗaya: fuska mai maiƙo ma tana bukatar abin shafawa. Abin tambaya shi ne wane iri.

Abubuwa biyu ne ake samu daga tsiron wiwi ake zubawa a kayan shafa, kuma mai sayarwa ba kasafai yake bambanta su ba.

Na farko man da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron. Wannan mai ne kamar na riɗi ko na gyaɗa, ba ya bugarwa, domin sinadarin THC mai sa maye a fure da ganye yake taruwa. Fiye da rabin man wani nau'in kitse ne da ake kira asid ɗin linoleyik, wanda fata ke bukata wajen gina garkuwarta, kuma masana sun daɗe da gano cewa maiƙon masu kuraje yana da ƙarancinsa. Man ba shi da nauyi, yana shiga fata da sauri, kuma bai kai man kwakwa toshe ƙofofin fata ba. Amma aikinsa laushi ne da rage tserewar ruwa. Ba ya kawo ruwan da kansa, kuma ba maganin kuraje ba ne. Yana da wani rauni da ya shafe mu kai tsaye: saurin lalacewa a zafi da haske. Kwalbar da ta sha rana a kanti ko a mota ta fara wari, shafa ta sai ya jawo ƙaiƙayi.

Na biyu shi ne CBD, wanda ake cirowa daga fure da ganye. Shi ma ba ya bugarwa, kuma a kansa ne ake yawan cika baki. Asalin maganar wani bincike ne da masana a Jami'ar Debrecen ta ƙasar Hangari suka wallafa a 2014, inda suka nuna CBD yana rage fitar maiƙo da kumburi. Sai dai a ɗakin gwaji aka yi shi, a kan ƙwayoyin fata da aka raina, ba a fuskar masu kuraje ba. Da wani kamfani na Ostareliya ya gwada man CBD a kan ɗaruruwan masu kuraje a 2019, bai cimma babban abin da aka sa a gaba ba, wato ya fi man da babu maganin a ciki rage kuraje masu kumburi. Saboda haka CBD abu ne da ake fata a kansa, amma bai shiga sahun magungunan da likitocin fata suka dogara da su ba.

Akwai kuma batun abin da ke cikin kwalbar. A 2022 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna kayan shafa 105 masu CBD. Cikin waɗanda suka rubuta adadi a jikinsu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai suka dace da abin da aka rubuta, kuma an sami THC a cikin wasu. Idan haka ta faru a can, ina ga haɗin da aka ɗura a roba babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC? Babban abin da nake tsoro a irin wannan haɗin ba wiwin ba ne. Sau da yawa mayukan bilicin masu sitiroyid ake cakuɗawa. Fuska ta yi sumul na ɗan lokaci, daga baya kuraje su feso fiye da da, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana.

Kada mu manta da doka. Amurka ta halatta noman nau'in wiwi da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba tun 2018, shi ya sa kayan suka cika kasuwanninsu. Wannan dokarsu ce. A Najeriya wiwi haramtacce ne, kuma hukumar NDLEA na hukunta masu mu'amala da shi. Wanda zai yi odar CBD daga waje, ko ya sako shi a jaka, ya san da haka. Shi kuwa mai daka ganyen ya kwaɓa ya shafa, ya haɗa wa kansa laifi da ƙaiƙayi, ba tare da wata fa'ida da aka tabbatar ba.

To me ya kamata mai fuska mai maiƙo da kuraje ya yi?

Ya wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai sauƙi, da hannu kawai. Tun fatar na da danshi ya shafa mai marar nauyi da ke ɗauke da gilisarin ko asid ɗin hayaluronik, domin su ne ke jawo ruwa su riƙe. Ga kurajen kuma a yi amfani da abin da aka gwada aka tabbatar: benzoyil feroksayid, adafalin, asid ɗin salisilik ko na azelayik. A ba magani mako 8 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci. Mai ciki, ko mai neman ciki, ta nisanci adafalin da danginsa. Da rana a shafa man kariya daga hasken rana, domin a baƙar fata tabon da kurji ya bari yakan fi kurjin daɗewa, rana kuma ƙara masa duhu take yi. A daina matsa kuraje.

Wanda ya mallaki man 'ya'yan tsiron wiwi mai rajista kuma yana son gwadawa, ya fara shafa kaɗan a bayan kunne na 'yan kwanaki. Idan babu ja ko ƙaiƙayi, ɗigo biyu da dare a kan man nan marar nauyi sun isa. Ƙari ne, ba madadin magani ba.

Idan kurajen manya ne masu zafi, ko suna barin ramuka, ko suna tare da rikicewar al'ada da fitar gashi a haɓa, wannan ya wuce aikin kayan kwalliya. A zo asibiti da wuri, a taho da duk abin da ake shafawa mu gani. Kurji yana warkewa, amma ramin da ya bari a fuska gyaransa na da wuya da tsada, kuma jinkiri ne ya fi kawo shi.

Allah Ya ƙara mana lafiya.