Safayar Mota Wadda Ba 'Yar Gida Ba: Darasi A Kan Awo

A hutun da ya wuce na bi kawuna a motarsa, mun tashi daga Makurɗi za mu Lafiya. Motar Honda Accord ce, ta hannu ya saye ta. Rana ta kusa faɗuwa sai tayar baya ta yi faci. Kawu bai damu ba ko kaɗan, gama akwai safaya a but, tana kan wani kyakkyawan wili na alminiyum mai ƙyalli, ko da ya ke zanensa ya bambanta da na sauran huɗun. Muka ɗaga mota da jak, muka cire mai facin, muka kawo safaya. Ramukanta biyar suka yi daidai da ƙusoshi biyar, amma wili ya ƙi zama. Muka tura, muka juya, a banza. Ashe na Toyota Camry ne. Sai da wani mai babur ya kai tayarmu ƙauye wurin mai faci, ba mu bar wurin ba sai bayan dare ya yi.

Muna zaune bakin hanya Kawu ya ce mini, "Kai ɗana, ku ne masu boko. Biyar da biyar ba ɗaya ba ne?" Na rasa amsa a ranar. Da na komo makaranta na bi diddigin abin, sai na ga ashe lissafi ne irin wanda mu ke koya wa yara, watau da'ira da faɗinta da kewayenta. Shi ya sa na kawo shi nan, domin malami ya sami abin misali, mai mota kuma ya tsira da ransa.

Da fari bari mu san abin da mu ke magana a kansa. Wili shi ne ƙarfen da a ke ɗaura taya a kai, waɗansu kuwa rim su ke ce masa. Iri biyu ne. Akwai na baƙin ƙarfe, akwai kuma na alminiyum da aka gauraya da waɗansu ƙarafa kaɗan don ya yi ƙarfi. Na biyun ba sabon abu ba ne, tun 1924 motar tsere ta Bugatti a Faransa ta ke da shi. Yana fid da zafin birki da sauri, ga shi da kyaun gani. Amma in ya faɗa rami ya kan tsage, na baƙin ƙarfe kuwa lanƙwashewa ya kan yi, a miƙe shi da guduma. Bambancin launi ko na zane ba kome ba ne, mota ba ta san ado ba. Awo shi ne magana.

Ku dubi ramukan ƙusa. In an ja layi ya bi ta tsakiyar kowane rami, da'ira za a samu, faɗin wannan da'ira kuwa kowace mota da nata. Volkswagen Golf 3 mai ƙusa huɗu milimita 100 ne, Peugeot 406 ita ma huɗu gare ta, amma 108 ne. Wannan ba wuya, wili ba zai shiga ba sam, kowa ya huta. Inda hatsarin ya ke shi ne inda bambancin ƙanƙane ne. Yawancin motocin Mercedes ƙusa biyar ne a kan 112, Camry biyar a kan 114.3. Milimita biyu da ɗan kai ke nan, ido ba ya gani. Mai ƙarfin hannu ya iya tilasta noti ya shiga, amma kowace ƙusa za ta zauna a karkace, tafiya ta yi ta lanƙwasa ta har ta karye. Ga yadda a ke aunawa da rula. In ramuka huɗu ne, a auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke daura da shi ta ƙetare. In biyar ne, a auna tsakanin maƙwabta biyu, sa'an nan a ninka da 1.7. Wanda ya sami 67.2 nasa 114.3 ne, wanda ya sami 65.8 nasa 112 ne.

To, me ya hana safayar Kawu zama? Camry da Accord irin tasa duka biyar ne a kan 114.3. Babban ramin tsakiya ne ya raba su. Shi ne ke hawa kan hob, watau ƙarfen da ƙusoshi ke tsaye a jikinsa, shi ke sa wili ya zauna a tsakiya sosai. Na Camry milimita 60.1 ne, hob ɗin Accord kuwa 64.1. Ƙaramin rami ba ya haɗiye babban ƙarfe. Da akasin haka ne, a sa wilin Accord a Camry, zai shiga har da sarari na milimita huɗu, amma sai sitiyari ya riƙa rawa in an yi gudu. Akwai zobe na roba mai tauri ko na alminiyum da a ke sayarwa don cike wannan sarari. Wanda safayarsa ta ke haka ya ajiye zoben tare da ita.

Sa'an nan sai noti, nan ne kuwa mutane da yawa su ke sakaci. Ku ɗauki noti ku dubi gindinsa, inda ya ke taɓa wili. Wani tsini gare shi kamar mazurari, wani kumbure ya ke kamar rabin ƙwallo, wani kuma shimfiɗe ne da wasa a jikinsa. Honda mai rabin ƙwallo ta ke yi wa wilinta, Toyota kuwa mai wasa ta ke sa wa na alminiyum. Ramin wili an sassaƙa shi ne don iri ɗaya kaɗai. In an sa ƙwallo cikin mazurari, ɗan siririn layi kawai za su taɓa juna. A hannu za a ji ya ɗauru tam, amma alminiyum ƙarfe ne mai taushi, noti zai ci shi a hankali, ya yi sako-sako. Wili ne ke zaɓen noti, ƙusa kuma ta zaɓi tiredi, watau zanen nan mai murɗiya da noti ke bi. Na Toyota da Honda milimita 1.5 ne tsakanin zane da zane, na Nissan 1.25, ba su shiga juna.

Har wa yau wilin alminiyum ya fi na baƙin ƙarfe kauri, don haka ƙusa ba ta fitowa da tsawo kamar da. Ƙa'idar makanikai ita ce noti ya kama ƙusa aƙalla gwargwadon kaurinta. Ƙusa mai kaurin milimita 12, kowane juyi yana cin 1.5, juyi nawa ke nan? Takwas. Ku ƙidaya da hannunku. In noti ya tsaya a juyi huɗu ko biyar, kada a hau hanya da shi. Peugeot da Volkswagen da Mercedes ba noti gare su ba, ƙusar ce a ke murɗawa cikin hob, amma ƙidayar juyi tana nan.

A bayan wili za ku ga an buga rubutu kamar 6.5J x 16 ET45. Faɗinsa inci shida da rabi ke nan, da'irarsa inci 16. Lambar da ke bayan ET tana nuna zurfin da wili ya shige ƙarƙashin mota, da milimita. In ta yi yawa taya ta goga ciki, in ta yi kaɗan ta leƙo waje ta goga madugadi, ta kuma wahal da boris. Abin da ya fi sauƙi a ɗaura, a juya da hannu, a saurara. A gwada a gaba ma, gama birkin gaba ya fi girma, wilin da ya zauna a baya ya iya ƙi a gaba.

Yanzu ga inda malamin lissafi zai ji daɗi. A jikin taya an rubuta, misali, 205/55 R16. Faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, watau 112.75. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, 225.5. Inci 16 kuwa milimita 406.4 ne. Jimla wajen 632. Ku yi wa 195/65 R15 haka nan, za ku sami 634.5. Kun gani, wili inci 15 da wili inci 16, amma tsayin taya kusan ɗaya, suna iya tafiya tare. To, 175/70 R13 fa? Tsayinta 575. A ninka da 22 bisa 7, kewayen ta farko 1,986, na wannan 1,807. A kilomita guda babbar za ta juya sau 503, ƙaramar sau 553. Juyi hamsin na rara kowane kilomita! In a ƙafafun da inji ke turawa aka sa ta, giyar da ke raba musu ƙarfi za ta yi ta aiki kamar mota na shan kwana ba iyaka, ta yi zafi. Birkin nan mai hana taya cijewa, wanda a ke kira ABS, juyin ƙafafu ya ke ƙidayawa, shi ma ya kan ruɗe. Masu sana'ar taya sun saba cewa kada bambanci ya wuce kashi uku cikin ɗari, wannan kuwa tara ne. Camry da Accord da Golf 3 da 406 duk ƙafafun gaba ke ja. Saboda haka in ta gaba ta yi faci, ni dai shawarata a cire ta baya mai lafiya a kai gaba, a sa baƙuwar a baya, ko da ya ke aiki biyu ne.

In an ɗaura, a murɗa notuna ana tsallakawa kamar mai zana tauraro, kada a bi su jere. Kada a hau sifana da ƙafa. Bayan kilomita hamsin a tsaya a sake ɗaurewa. Siririyar safayar da waɗansu motoci ke zuwa da ita an rubuta mata kilomita 80 a sa'a, ina ganin baƙon wili ma kada a wuce masa haka, kuma a cire shi da zarar an gyara na gida. A duba shekarun tayar kuma. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT mako ne da shekara, 2319 ma'anarsa mako na 23 na 2019. Masu ƙera taya da dama suna horo a bar wadda ta kai shekara goma, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Sa'ad da na je koyarwar gwaji na aro tayoyi biyu wurin mai faci, na shafa musu alli, yara suka gara su a filin makaranta suna auna sawu da igiya. Wata yarinya ta raba kewaye da tsayi ta sami 3.1, ta tambaye ni ina saura ya tafi. Na ba su aikin gida, su lissafa tsayin 185/65 R15, su gaya mini ko ta iya zama safayar mai 205/55 R16. Ku ma ku gwada. Kawu dai ya musanya wilin Camry da na baƙin ƙarfe na Accord, ya ɗaura shi a tsakar gida ya gani da idonsa kafin ya sa a but.