Darasi: Neman abinci da alƙalami

Da can, a Damagaram, masu rubuta wasiƙa kan zauna bakin gidan waya. Mata na zuwa a rubuta musu gaisuwa zuwa ga mazansu da suka tafi cin rani Kano. Wayar salula ta kashe wannan ciniki.

Amma takarda ba ta mutu ba. Har yanzu talaka na buƙatar wanda zai rubuta masa koke, ko neman aiki, ko shaidar bashi. A 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, sai dai Faransanci na nan cikin harsunan aiki. Wanda ya iya su biyun ya fi samun jama'a.

Mai farawa kada ya tara aiki barkatai. Ya riƙe iri ɗaya, ya ƙware, har a san shi da shi. Kuma ya kama bakinsa: ranar da ya tona bashin wani, ranar ciniki ya watse.

Ga lissafi. A ce ran Alhamis ya zauna kasuwar Dole, ya rubuta takarda 10, kowace dala 40. Ya samu dala 400, wato jika 2. Takarda da bik sun ci dala 60. Nawa ya rage masa?