Fitilar jan haske bayan aikin gwaiwa

Tambaya: Likita, sati uku ke nan da aka yi mini aikin gwaiwa, aka sa mini raga. Har yau in na tashi daga kwance sai in ji cikin ba ƙarfi. Wani abokina ya ce in sayi fitilar nan mai jan haske in riƙa haska wurin, wai tana mayar da ƙarfin naman ciki. Haka ne? Ni ɗan dako ne, zaman ya ishe ni.

Amsa: Sannu da jiki, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar abokinka tana da tushe. A 1967 wani likita a Hangare, Endre Mester, ya aske bayan ɓeraye ya haska musu leza mai rauni, sai ya ga gashinsu ya fi saurin tsirowa. Daga nan aka fara gwada hasken a kan raunuka. Bayanin masana shi ne, jan haske yana ƙara wa ƙwayoyin jiki kuzarin gyara kansu. Har a aikin gwaiwa an gwada: a 2010 wani ƙaramin bincike a Brazil, kan mutum 28, ya nuna tabon waɗanda aka haska ya fi kyan gani.

To amma wannan tabo ne, a kan fata. Ɗinkin da kake dogaro da shi yana can ciki, a jikin farin tantanin da ke riƙe naman ciki, inda aka shimfiɗa ragar. Mafi yawan hasken a fata da kitse yake ƙarewa. Tsoka kuwa motsi ne yake ƙarfafa ta, shi kuma ɗinki lokaci yake bukata, don sai wajen wata uku rauni yake kai kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na da. Rashin ƙarfin da kake ji a sati uku ba abin tsoro ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne fitila mai zafi. Gefen yankan yakan yi dundurus na ɗan lokaci, ka taɓa da yatsa ka ji kamar ba jikinka ba. Mutum na iya ƙonewa a nan bai sani ba.

Maimakon fitila, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In za ka tashi, mirgina ta gefe, ka tura da hannu. In tari ya zo, danne wurin da matashi. Sha ruwa, ci zogale da gwanda, kada ka yi yunƙuri a bayan gida, taba kuma a ajiye ta. Ɗaukar buhu kuwa sai wanda ya yi maka aikin ya ba da izini, kuma ka faɗa masa sana'arka.

Idan wurin ya yi ja, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya kama ka, ko kumburi ya dawo tare da amai, kada ka kwana a gida, ka koma asibiti.