Shafen Kabon a Jikin Ƙarfen Ƙashi: Ina Haɗarin Yake?

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga waya da kwamfuta, ya shiga asibiti. Duk wanda ya taɓa jinyar mai karaya a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ya san maganar "an sa masa ƙarfe". To, masu bincike suna ƙoƙarin yi wa irin wannan ƙarfe shafe da kabon mai ƙanƙanta ƙwarai, domin ƙashi ya fi kama shi. Abin da za mu duba shi ne: shin wannan shafe ba zai cutar da mai shi ba?

Mene ne kabon ɗin nano?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi guda ya kai kusan nanomita 80,000. Kabon kuwa shi ne sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir da lu'ulu'u. Yadda aka jera ƙwayoyinsa ne ya bambanta su.

Iri biyu aka fi magana a kansu. Na farko girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓamɓaro shi da salatif a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010. Na biyu bututun nano: ka ɗauka an naɗe girafin kamar tabarma. Sumio Iijima na Japan ne ya fito da bayaninsa a 1991.

Me ya sa ake son shafa shi?

Ƙarfen da aka fi dasawa a ƙashi shi ne taitaniyom. Tun shekarun 1950 wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura ƙashi yana manne masa. Amma mannewar tana ɗaukar lokaci, kuma kafin ta kammala ƙwayoyin cuta na iya riga ƙashi zama a jikin ƙarfen. A gwaje-gwajen ɗakin bincike an ga ƙwayoyin da ke gina ƙashi suna kama wurin da aka shafa girafin da kyau, an kuma ga gefunan girafin suna yaga fatar wasu bakteriya. Sannan idan aka gauraya shi da sinadarin kalsiyom da ake shafa wa ƙarfe, wanda yake da saurin tsagewa, yana ƙara masa ƙwari.

Sai dai ka lura: kaifin da ke yanka bakteriya bai san na gida ba. Daga nan maganar tsaro ta fara.

Kabon a manne da kabon a sake

Wannan shi ne jigon darasin. Kabon kansa ba baƙo ba ne a jikin mutum. Tun 1969 ake amfani da wani nau'in kabon mai santsi a murfin zuciya na wucin gadi, kuma mutane sun shekara da shekaru da shi. Matsala tana tashi ne idan shafen ya ɓare, kamar yadda shafen siminti ke zubewa daga bangon da damina ta jiƙa. Ƙarfen ƙugu yana ɗaukar nauyin mutum a kowane taku, yana gogayya, yana jiƙe cikin ruwan jiki mai gishiri.

An riga an ga haka. A Jamus an taɓa dasa wa marasa lafiya kan ƙugu mai shafen kabon mai taurin lu'ulu'u. A gwajin inji ya yi kyau. A jikin mutane kuwa shafen ya riƙa ɓarewa bayan 'yan shekaru, har aka sake yi wa da yawa tiyata. Haka a 2010 kamfanin DePuy ya janye ƙugunsa samfurin ASR daga kasuwa. Wannan ba kabon ba ne, amma darasin ɗaya ne, domin ɓurɓushin ƙarfen da gogayya ta kankare ya lalata naman da ke kewaye.

Abubuwa uku da ke sa ɓurɓushi ya zama guba

Na ɗaya, siffa. A jikinmu akwai ƙwayoyin garkuwa da aikinsu haɗiye datti. Idan abin gajere ne ko a dunƙule, sai su haɗiye su kwashe. Idan dogo ne, miƙaƙƙe, mai tauri kamar allura, sai ya fi ƙarfin bakinsu, su yi ta fitar da sinadaran kumburi ba tare da sun gama da shi ba. Ta haka asbesto ke cutarwa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Edinbara sun zuba bututun nano a cikin ɓeraye: dogayen sun jawo kumburi irin na asbesto, gajerun da cukurkuɗaɗɗun ba su jawo ba. A 2014 hukumar binciken sankara ta WHO da ke Faransa ta sa nau'i ɗaya, mai suna MWCNT-7, a rukunin 2B, wato mai yiwuwa ya haddasa sankara. Nau'i ɗaya ne, ba duka ba.

Na biyu, tsabta. Ana amfani da baƙin ƙarfe ko nikel ko kobal wajen ƙera bututun nano, kuma saura yakan maƙale a ciki. Sau da yawa wannan sauran ne ke lalata ƙwayoyin halitta.

Na uku, yanayin fuskarsa. Kabon da aka liƙa wa ƙwayoyin oksijin ya fi bajewa cikin ruwa maimakon ya cure. A 2010 ma an nuna cewa wani sinadari da fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa yana iya narkar da wasu bututun nano.

Ke nan idan aka ce maka "kabon ɗin nano guba ne" ko "ba shi da illa", tambayi mai maganar: wanne? Tsawonsa nawa? An wanke shi?

Yadda ake gwadawa

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa abu ya yi aiki a kwamfutarka ba ya nufin zai yi a wayar mutum dubu. Nan ma haka ne, sai dai ƙarfen ƙugu ba a aika masa sabuntawa ta intanet. Gyaransa sai wuƙar likita. Ƙa'idar ISO 10993 ce ta tsara gwajin kayan da ake sawa a jiki, kuma sashe na 22 ya keɓanta ga kayan nano. Ana farawa da ƙwayoyin halitta a faranti, a koma dabbobi, sannan mutane. Yawancin aikin girafin da bututun nano a ƙashi yana matakai biyun farko, kuma gwajin dabba na makonni ne ko watanni.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Masu sikila da yawa kan ƙugunsu yana mutuwa tun suna samari, a sauya musu shi. Ɗan shekara 25 yana buƙatar shafen da zai zauna shekaru masu yawa, ba wanda ya ci gwajin wata uku ba.

Don haka in ka ga labarin sabon shafen da ke "haɗa ƙashi nan take", duba abu uku: a faranti aka gwada, ko a dabba, ko a mutum? Tsawon wane lokaci? Kuma an auna abin da ya ɓare da inda ya tafi, hanta ko saifa? Labarin da bai amsa ta ukun ba, a saurara masa tukuna.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah Ya kai mu.