Lebura Da Zafin Bazara: Darasi Ga Masu Gini Da Masu Ba Da Aiki

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a nan Kurfi da Dutsin-Ma yakan haura digiri 40. Lebura kuma yana cikin rana tsaka, yana kwaɓa siminti, yana ɗaukar bulo, birkila na jiransa a sama.

Jiki da gumi yake sanyaya kansa, gumin kuma ruwa ne da gishiri. In sun fita ba a mayar ba, sai ciwon kai, jiri, ƙafa ta riƙe, fitsari ya ragu ya yi ja. In mutum ya fara sambatu ko ya yanke jiki ya faɗi, kada a tsaya cewa aljanu ne. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a zuba masa ruwa a jiki, a yi fifita, a nemi mashin ko mota zuwa asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki. Wanda ke cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri.

A ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Don haka ga hukuncin mai aikin ƙarfi: ya kwana da niyya, ya tashi da azuminsa. In ƙishirwa ta kai inda yake tsoron cutuwa, ya sha, ya rama daga baya. Amma bai halatta ya ajiye azumi tun asuba don hasashen wahala ba.

Yanzu gare ka, Alhaji mai gini, da kai ɗan kwangila. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci a jinkirta Azahar in zafi ya tsananta. Sallah ke nan fa aka sassauta, balle zuba kankare! Saudiyya ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Mu ba sai mun jira doka ba. A fara bayan Asuba, a dakata kafin Azahar, a dawo bayan La'asar. A kafa rumfa, a ajiye randar ruwan sha daban da na kwaɓi. Kuma kada a zaftare kuɗin yini don mutum ya zauna ya huta, domin tsoron zaftarewar ne ke sa lebura ya ɓoye jirin da yake ji.

Wallahu a'alam.